Horon Ƙasa da Ƙasa a Ɗakin Anti Yemima

Daga waya maganar ta fara, kuma kun san wayar Madakiya, sai mutum ya hau tudun bayan coci kafin ya ji rabin abin da ake faɗa masa. Emilia ce ta kira uwarta daga Kafanchan, inda take aiki a sashen noma na ƙaramar hukuma.

"Mama, an zaɓe ni! Horo ne na ƙasa da ƙasa, na jami'an gwamnati da masu aikin jakadanci."

Mama Tamar ta matse wayar a kunne. "Ƙasa da ƙasa? Wace ƙasa da wace ƙasa?"

"Masu shirya shi suna Turai ne, Mama. A kan ci gaba mai ɗorewa za a..."

Nan wayar ta yanke. Abin da ya shiga kunnen tsohuwa shi ne ƙasa, da wata ƙasar, da Turai. To, me kuke so ta fahimta?

Kada ma ku ga laifinta, don ita kanta Emilia haka ta ɗauka. Akwai wani a ofishinsu da ya yi irin wannan horon shekarun baya, ya dawo da hotunansa tsaye cikin ƙanƙara, hannu cikin aljihu. Sai ranar Jumma'a shugaban sashensu ya kira ta ya ce bana tsarin ya canza. Babu mai zuwa ko'ina. Kowa zai zauna a ƙasarsa da komfuta, a haɗu ta intanet. Ya ce an ba ta hutun karatu, ta nemi inda netwok yake da ƙarfi ta zauna.

Washegari ta hau mota zuwa gida da niyyar gyara maganar. Tun daga bakin hanya ta jiyo kiɗan tulu da caki. Tana shiga ta tarar tsakar gida cike da 'yan Zumuntar Mata ta coci, uwarta a tsakiya, hannu ɗaya a sama.

Sai na gaya muku wace ce Mama Tamar. Gwauruwa ce, da citta ta yi wa Emilia makaranta tun daga firamare har ta gama. Ita ce mai ba da waƙa a Zumunta, kuma in ta ɗaga murya ko mai ciwon gwiwa sai ya miƙe. Shekarar da ta wuce cuta ta shiga gonaki ta ruɓar da citta tun tana cikin ƙasa, gari ya yi sanyi, ita ma ta daɗe ba ta tsara sabuwar waƙa ba. Yau ga ta da sabuwa:

"Wanda ya raba teku domin Musa,
Ya buɗe sama domin Emilia."

Mata suna amsawa, suna guɗa. Suka rungume Emilia, suka ɗaura mata zanin Zumunta a kan siket ɗinta. Ta ce a ranta, bari su watse tukuna. Da suka watse uwarta ta gaji, ta ce bari gari ya waye. Da gari ya waye ana saurin shirin sujada.

Lokacin shaida ya yi, Mama Tamar ta fito gaban bagade. Hausarta ta coci ce, ba ta raba mace da namiji.

"Ikkilisiya, ku taya ni godiya. Yarinya na zai shiga jirgi. Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba, abin da na haifa zai je ƙasa da ƙasa. Ubangiji ya yi!"

Coci ya ɗauka. Rabaran Silvanus ya kira Emilia ta durƙusa, dattawa suka ɗora mata hannu. Aka yi addu'a a kan injin jirgi, aka yi a kan sanyi, wani dattijo har ya roƙa kada mazan can su ruɗe ta. Ita kuwa tana durƙushe, idonta a kan siminti, tana jin nauyin hannuwan nan kamar buhu. A nan ne ya kamata ta buɗe baki. Ba ta buɗe ba.

Bayan sujada matan suka kawo kayan sallama: acca, da yaji, da daddawa a ƙulle cikin leda har ninki uku don kada ta dami Turawa da wari. Sun kuma je gwanjo a kasuwar Kafanchan sun zaɓo mata wata ƙatuwar kwat mai gashi a wuya.

Ranar tafiya aka raka ta bakin titi. Ta ce ta Kaduna za ta bi zuwa Abuja. Mota ta wuce Zonkwa, ta wuce Kachia, da aka iso Sabon Tasha, a bakin garin Kaduna, ta ce wa direba, "Akwai sauka."

A can Anti Yemima take, ƙanwar marigayi babanta, mai shagon kayan masarufi da bakin da ba ya hutawa. Ta saurari labarin tun daga farko, ta dubi kwat ɗin, ta dubi rana, sai ta zauna a kan buhun shinkafa tana dariya har da hawaye.

"Sannu da sauka, 'yar Turai! Yaya hanya? Jirgin naku a gareji ya tsaya ko a bakin kasuwa?"

"Anti, don Allah."

"Wane don Allah? Ke da uwarki duk ɗaya ne, ita ba ta jira a gama magana, ke kuma ba kya iya gamawa. Shigo. Akwai ɗakin baya. Amma ki sani, ni ba na fita da ke, mutanen Madakiya sun fi kaji yawa a unguwar nan."

Haka Emilia ta fara horonta na ƙasa da ƙasa, tsakanin katan-katan na sabulu da taliya. Kuma horon na gaske ne, ba wasa ba. Fuskoki ne cike da komfuta, kowace a cikin ɗan akwatinta: wani jami'in jakadanci daga Kenya, wata mai kula da ruwan sha daga Nepal, wani mai gemu daga Peru da kullum yake hamma don su can gari bai gama wayewa ba. Malamarsu Dokta Lucia ce, mace mai furfura da haƙuri. Ana koya musu yadda ake tsara aikin da ba zai mutu ba ranar da masu tallafi suka tafi, da yadda ƙasashe suke zama su daidaita a kan ruwa da daji da abinci. Emilia tana da kai. In ta yi magana a kan irin citta, yadda cuta ta cinye shi har manoma suka rasa na shukawa, sai ka ga akwatunan nan sun yi tsit suna saurare. Wani lokaci zakaran maƙwabta ya yi cara, mutumin Peru ya farka ya yi murmushi.

Da a ce iyakar abin ke nan, da sauƙi. Amma akwai Lahadi. Kowace Lahadi bayan sujada Mama Tamar takan je wurin matar Rabaran, mai babbar waya, a hau tudun bayan coci a kira mata 'yarta ta gan ta ido da ido. Sai Emilia ta rataya farin zanin gado a bango, ta kashe fanka don kada a ji ƙararta, ta saka kwat ɗin nan. A watan zafi fa, lokacin da ko ƙadangare yake neman inuwa.

"Yaya sanyi?" in ji uwar da yaren gida.

"Da sauƙi, Mama."

"Na ga fuskarki tana ƙyalli. Mai suke ba ku?"

"Eh... man sanyi ne."

"Kina cin accar? Kada ki ba Turawa duka."

Rannan suna cikin haka wata mai talla ta wuce ta bayan taga ta kwarara murya: "A sayi gawayi!"

Mama Tamar ta kawo fuskarta kusa da wayar. "Ashe har can mutanenmu sun kai? Allah sarki. Ki gaishe ta, ki ce mata ta yi haƙuri, kowa da inda abincinsa yake."

Da aka kashe wayar Emilia ta tuɓe kwat ɗin, rigarta ta jiƙe sharkaf. Anti Yemima tana bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen zani. Amma da ta ga yarinyar ta kifa kai a kan katan, dariyar ta tsaya mata. Ta je ta kawo ruwa ta ajiye mata.

Da horo ya kusa ƙarewa Dokta Lucia ta faɗi aikin ƙarshe. Kowa zai je wurin da shirinsa ya shafa, ya kunna kamara a can, a ga ƙasar, a ga mutanen, su ma su yi magana da bakinsu. Wanda bai yi ba, ba shi da satifiket. Shirin Emilia kuwa a kan matan Madakiya ne: su ware fili ɗaya su riƙa renon irin citta mai lafiya tare, don kada wata cutar ta sake barin su hannu wofi.

Ta tambaya ko za ta iya yin bayanin daga ɗaki. Dokta Lucia ta ce cikin taushi, "Emilia, mun gaji da ganin farin bangonki. Matan nan da kike ba mu labari muke so mu gani."

Anti Yemima ta ce abin ai mai sauƙi ne. "Akwai gona a bayan unguwa. In tara miki matan cocinmu, su ɗaura zani su riƙe fartanya. Wa zai bambanta matar Sabon Tasha da ta Madakiya daga Peru?"

Emilia ta juya maganar a ranta. Kunya ce ta hana ni cewa ba ta so ba, don ta so. Har sun fara lissafa waɗanda za a kira.

Sai ga Anti Yemima ta dawo daga coci ranar Laraba, ta ajiye Littafi Mai Tsarki a kan tebur, ba ta ko cire ɗankwali ba.

"Kin san waƙar da aka koya mana yau? Wanda ya raba teku domin Musa."

"A nan?"

"A nan. Wata ce ta kawo ta daga biki a Zonkwa. Na tsaya ina amsa sunanki, ke kuma kina bayan shagona kina cin taliya. Ba shi ke nan ba. Babban taron Zumunta na gunduma da za a yi a Kafanchan, uwarki aka zaɓa ta buɗe shi da waƙar. Za ta ba da shaidar a gaban matan coci-coci, har da na Kagoro da na Kwoi." Ta zauna. Wannan karon babu wasa a muryarta. "'Yata, na yi dariya ta ishe ni. Uwarki matar wana ce. In ta hau dandamalin nan, daga baya maganar ta fito, ba za ta ƙara ɗaga kai a ƙasar nan ba."

Da safe Emilia ta naɗe kwat ɗin ta cusa a jaka, ta hau motar Kafanchan. Ta zauna a tsakiya, ta rufe fuska da gyale. Duk inda aka tsaya sai ta ƙara jan gyalen.

An yi ruwan farko, kowa yana gona, don haka ba ta haɗu da mutane da yawa ba. Wata tsohuwa dai ta gan ta ta saki itacen da ke hannunta tana kiran Yesu. Emilia ta gaishe ta ta wuce da sauri.

Ta sami uwarta a gindin mangwaro, zaune a kan kujera 'yar tsugune, tana ɓalla ɗan irin cittar da ta samu ƙanana-ƙanana don shuka. Tsohuwa ta ɗaga kai. Farin ciki ya fara hawa fuskarta, ya tsaya a rabi.

"Lafiya? Koro ki suka yi?"

Emilia ta durƙusa a ƙasa. Ta faɗa duka, tun daga ranar Jumma'ar nan har zuwa farin zanin gado. Ba ta ɗaga ido ba. Abin da take gani kawai hannun uwarta ne, da ya daina motsi a cikin kwando.

Akuya ta zo ta saci citta ɗaya, ba wanda ya kore ta.

"Mai gawayin nan," in ji Mama Tamar a hankali, "da na ce ki gaishe ta."

"'Yar Sabon Tasha ce, Mama."

"Yemima ta sani."

"Ta sani."

"Ranar da dattawa suka ɗora miki hannu, kin riga kin sani?"

"Na sani."

Tsohuwa ta goge hannunta a zani, ta sake gogewa, ko da yake babu abin da ya rage a jikinsa. "Da mutane kaɗai na faɗa wa, da na ce tsufa ne. Amma na tsaya a gaban bagade na gode wa Ubangiji a kan abin da bai yi ba. Na sa mata suka taya ni. Na saka Musa a ciki."

"Mama, ba wanda ya gan ni sosai. Zan iya komawa Kafanchan in ɓuya, in horon ya ƙare in dawo kamar daga can. Ke dai kada ki je taron, ki ce ba ki da lafiya."

Uwar ta dube ta, irin kallon da ba ta yi mata ba tun tana ƙarama. "Abin da suke koya muku ke nan?"

"A'a."

"To, tashi ki shiga da jakarki. Ta ƙofar gaba."

Ranar Lahadi Emilia ta roƙe ta ta bar ta ita ta yi magana. Mama Tamar ta ce a'a, bakinta ne ya ɗora, bakinta ne zai sauke. Ba ta saka zanin Zumunta ba ranar, wani tsohon atamfa ta ɗaura. Da aka ce ko akwai mai shaida, ta fito. Coci ya riga ya cika da raɗa, don kowa ya ga Emilia a benci na baya.

"Ikkilisiya, shaidan da na bayar kwanaki, na zo in ɗauke. Yarinya na bai shiga jirgi ba. Yana Sabon Tasha. Karatun gaskiya ne, amma a cikin komfuta. Ni ne ban ji da kyau ba, na yi sauri. Ku yafe mini. Waƙan kuma, kada a sake yi."

Muryar da take cika cocin nan ba tare da lasifika ba, ranar sai da na gaba suka maimaita wa na baya. Emilia ba ta iya zama ba. Ta taso ta bi tsakiyar coci, kowane ido a kanta, ta tsaya kusa da uwarta.

"Ba Mama ba ce. Na sani tun kafin a yi mini addu'a, na yi shiru. Ni na saka kwat ina yi mata ƙarya a waya."

Can sai wata tsohuwa daga layin Zumunta, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta tambayi ta kusa da ita da ƙarfi, "To accar fa, wa ya ci?"

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Rabaran Silvanus ya ɗaga hannu ya ce a yi addu'a, ya yi ta gajere. Daga ranar sunan Emilia ya koma 'Yar Turan Sabon Tasha, kuma ina jin da shi za ta tsufa. Ita wannan bai dame ta ba kamar abin da ya biyo baya. Mama Tamar ta aika wa shugabannin gunduma cewa su nemi wata. A Zumunta ma ta koma layin baya, ta bar wa wata ƙaramar mace ba da waƙa. Ba wanda ya ce ta yi haka. An ma roƙe ta, ta ce tukuna.

Ranar aikin ƙarshe Emilia ta bi gida-gida tana roƙon mata su zo. Wasu suka ce suna da aiki. Wata ta ce, "In zo a nuna ni a Turai ta gaske ko ta Yemima?" Amma ta zo, ita da waɗansu, don maganar iri ta shafi tukunyar kowa. Aka tsaya a gonar da ke kusa da tudun bayan coci, inda waya take kamawa. Akwatunan fuskoki suka buɗe. Matan suka yi ta leƙe suna gyara ɗankwali, suka faɗi yadda cittarsu ta ruɓe, suka yi gardama a kan wadda za ta ba da fili, Emilia tana fassarawa. Mutumin Peru bai yi hamma ba ko sau ɗaya.

Dokta Lucia ta ce, "Mahaifiyarki fa, da kika ce ita ta koya miki citta? Tana cikinsu?"

Emilia ta waiga. Can ƙarshen gona Mama Tamar take, ta ba su baya, tana shimfiɗa ciyawa a kan kunyoyin da ta shuka.

"Tana aiki," in ji Emilia. "Ba za ta zo ba."

Da aka gama, mata suka watse suna ta surutu, ta rufe komfutar ta taka zuwa wurin uwarta. Ta tsaya a bakin kunya kamar baƙuwa.

Mama Tamar ba ta ɗago ba. "Sun ce kin ci?"

"Ban sani ba tukuna, Mama. Sai sun zauna sun duba."

"To. In kin sani, ki sani da kyau kafin ki gaya mini."

"To, Mama."

Tsohuwa ta nuna tarin ciyawa da haɓa. Emilia ta cire takalmanta na ofis, ta ajiye su a kan komfutar, ta rungumo ciyawar ta fara daga ɗaya bakin.